Ranar da Maza Suka Juya Riguna a Kamarawa

Idan ana zancen wanki a Kamarawa ba a ambaci Tasalla matar Halliru ba, to ni Safiyatu ba na zama wurin, tashi nake in kaɗe zanena in yi gaba. Darni ɗaya ne ya raba gidanmu da nasu tun muna amare, kuma ta saman darnin nan muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da gulma. Na ga mata masu wanki iri-iri, har da wata da ke murɗe riga kamar mai tatsar akuya, amma ban taɓa ganin mai hannun Tasalla ba, kuma yanzu da na tsufa ba na sa ran gani.

'Yar ƙauyen Tozai ce. Kakarta ce ta rene ta, wata tsohuwa mai dafa sabulun salo, don haka ta tashi cikin toka da kumfa tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar an aike ta ɗebo wuta. Ba ta da yawan magana a taro, amma da zarar ta tsuguna gaban ƙwaryar wanki sai bakinta ya buɗe. Faɗa take yi wa tufafi ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wando inda ya je ya kwaso laka, tana yi wa ɗankwali gorin man da ya sha. Ni daga bayan darni ina daka ina dariya.

Tana da tsarinta, kuma ba mai karya shi. Ba ta taɓa sa tufa a ruwa sai ta rataye ta ta bubbuge da tsumagiya, ƙura ta fita. Farare ne farko, sannan masu launi, sannan zannuwan rini, sannan tsummoki, duk a ruwa ɗaya, abin da ya rage ta kai gindin zogalenta. Jan goro kuwa tun yana ɗanye take bin sa da ruwan sanyi, don in ya bushe ya samu gida. Amma babbar dokarta ita ce juya riga. Kowace riga sai ta juya cikinta waje kafin ta wanke, haka kuma take shanya ta don kada rana ta cinye fuskar.

Na taɓa tambayarta dalili, sai ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta.

"Ke Safiya, ƙurar waje bugu ka fidda ta," ta ce. "Gumin ciki shi ka cin zare. Gishiri na, kin gane? Ki bar shi ga wuyan riga, ki ga yadda za shi yi mata."

Sai ga fari, a shekarar da naira ta fito. Damina biyu a jere gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Fulanin da ke zaune gefenmu suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu. Maza da yawa, har da nawa mijin, suka tafi cin rani ba su dawo da wuri ba. Rijiyar gari ta koma tabo, guga ya sauka ya dawo da abin da ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sha. Muka koma tafiya gulbi, wanda shi ma babu komai cikinsa sai rairayi. Mu tona rami da sakaina, mu zauna mu jira ruwa ya tsattsafo, mu kwasa da ludayi mu zuba a tulu. Mace ta fita da sassafe, sai rana ta take ta dawo da tulu ɗaya, kuma cikinsa ake sha, a yi tuwo, a yi alwala.

Tufafi ma suka bi hanyar hatsi. Riguna da zannuwa da yawa sun tafi kasuwar Sabon Birni sun dawo a matsayin gero. Halliru da ke da riguna na fita kunya ya wayi gari da guda ɗaya tak, sai wata 'yar shara ta zuwa gona. Amma fa guda ɗayan nan ba ta wasa ba ce. Farar riga ce ta saƙi, mai kauri, mai shafi a wuya da ƙirji da baya, wato an ninka mata wani ƙyalle daga ciki. Mahaifinsa Na'Allah masaƙi ne ya saƙa ta da hannunsa kafin ya rasu, da zaren da mahaifiyarsa ta kaɗa. Halliru ya rantse ko yunwa za ta kashe shi ba za ta je kasuwa ba. In kuwa ta yage babu madadi, don a shekarar ko audugar da za a yi lagwani babu.

To a nan matan Kamarawa suka ƙirƙiro wata dabara. Tun da babu ruwan tsoma babbar riga, sai mace ta jiƙa tsumma ta goge gaban rigar mijinta, ta ɗauko allin kaɗi ko farar ƙasa ta murza a kai, ta kaɗe. Daga nesa riga ta yi fari tas, maigida ya fita masallaci yana taƙama. Da mijina yana gida, wallahi da ni ma abin da za ni yi ke nan, don dabara ce mai sauƙi kuma ba ta cin ruwa.

Tasalla ta ce ita kam a'a. Ta ce alli in ya haɗu da gumi yanka zare yake. Ɗan ruwan da take samu sai ta juya rigar, ta shimfiɗa ta kan tabarma, ta bi shafin da ruwan tokar karan gero da ta tace, ta cuɗa wuya da hammata da gadon baya da ɗan soso, ta dinga dannawa da tsumma mai tsabta har dauɗar ta fito. Wajen rigar kuwa bugu kawai yake samu. A hankali fuskar riga ta koma kalar ƙasar gari, ba fara ba, ba ja ba, ga wani tsohon jan goro a ƙirji da ya ƙi tafiya.

Halliru mutum ne mai son a gan shi fes. A da, in ya ratsa gari ran Juma'a, mata kan ce ga wankin Tasalla nan yana wucewa. Yanzu sai ya zama abin ba'a. Taubashinsa Kalilu, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sa shi gaba a gindin tsamiya inda maza ke zama, yana tambayarsa ko rigar ce ke yin noman bana. Ranar da suka je Juma'a a garin Isa kuwa, Kalilu ya nuna shi a gaban baƙi ya ce ga mijin sarauniyar wanki. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ya dawo gida fuska a murtuke.

Yayarsa Fatu ta ƙara wa wutar itace. Gidanta na can ƙarshen layi, kuma ita ce gwanar murza alli a garin. Ta aiko masa cewa in matarsa ta gaza, ya kawo rigar mahaifinsu ta gyara masa.

Wanda bai san garinmu ba zai ce ai ba komai, riga ce. Ba haka ba ne. A wurinmu, namiji ya naɗe rigarsa ya ratsa layi ya kai wani gida a wanke masa alhali matarsa na da rai da lafiya, ya gama shela ke nan cewa auren ya tsage. Ba a sake ta ba, amma kowace mace a bakin gulbi za ta dube ta da gefen ido. Balle Tasalla, wadda wanki ne sunanta.

Ana cikin haka liman ya sa aka yi shela cewa za a fita roƙon ruwa ranar Litinin da hantsi, a filin idi. Rabon garin da wannan salla tun muna ƙanana. Ya ce maza su zo da tufafinsu na yau da kullum, masu tsabta, ba ado, wanda a shekarar bai ma buƙaci faɗa ba.

Ran Lahadi da safe na ji muryar Halliru ta darni. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa na ajiye taɓarya na matsa kusa.

"Tasalla, gobe gari dut za shi taru, har mutanen ƙauyuka," ya ce. "Na gaji da zama abin dariya. In nis sake jin kunya cikin rigag ga, daga fili za ni wuce da ita gidan Yaya Fatu."

"Malam, rigar tana ga lahiyatta," ta ce a hankali.

"Ban ga lahiya ba. Ƙasa ni ka gani."

Ya fita. Ban jira ba na zagaya na shiga. Na same ta zaune da rigar a cinya, ido ya yi ja, amma ba hawaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da ita nake fushi, ba da shi ba.

Muka ɗauki tuluna muka tafi gulbi, na yi ta yi mata faɗa a hanya. Ranar ramukan sun yi rowa fiye da kullum. Muka dawo da abin da bai cika tulu ba kowaccenmu, mai launin kunu. Ta daka 'ya'yan zogale ta watsa a ciki, laka ta kwanta, ta tsiyaye na sama. Da ta cire na sha da na tuwo da na alwala, abin da ya saura bai wuce 'yar ƙwarya ɗaya ba. Na ce ta karɓi nawa, ta ce 'ya'yana me za su sha. Na ciro allina daga haɓar zane na dangwara mata a gabanta.

"Sau guda ɗai, Tasalla," na ce. "Ki goge gaba, ki murza wanga, ki hita kunya. Jibi ki koma ma taurin kanki. Aurenki na hwa, ba riga ba."

Ta ɗauki allin ta jujjuya, har na fara murna. Sai ta miƙe ta ɗaga rigar sama tsakaninta da rana, ta ce in zo in gani. A hammatar dama zaren ya yi siriri, haske na ratsa shi.

"Kin gani? Gobe za su tsaya cikin rana, shi yi gumi awa an zuba mai ruwa. In gumin jiya na nan, na gobe ya hau bisa, ga alli, nan za ta buɗe. In ta buɗe, mi za ni ce mai? Ubanai ba shi tashi shi saƙa wata."

Ta mayar mini da allina, ta juya rigar, ta tsuguna. Na tsaya ina kallo don haushi ya hana ni tafiya. Sai kuma aikin ya ɗauke mini hankali kamar kullum. Ta jiƙa shafin da ruwan toka, ta goga ɗan guntun sabulun salon da take ɓoyo, ta bar shi ya sha rana kaɗan kafin ta cuɗa. Ta bi wuyan da yatsa biyu, ɗinki bayan ɗinki. Hammatar kuwa ba ta cuɗa ba sam, dannawa kawai take da tsumma, ta matse a wani ƙoƙo, ta sake dannawa. Can sai ga ta tana yi wa rigar faɗa, tana ce mata tsohuwa mai jawo wa mutane magana. Ruwan ya ƙare daidai da aikin, digon ƙarshe ya tafi gindin zogale. Ta shanya ta a inuwa, da ta bushe ta mayar da fuskar waje ta bubbuge ta ninke. A ido dai rigar nan tana nan yadda take jiya.

Da safe Halliru ya warware ta, ya dube ta, ya dubi matarsa. Ya zura ya fita, kuma kallon nan ya fi mini zagi ciwo.

Gari ya watse ya bar mu mata da yara. Daga nesa muna jin muryar liman tana tashi tana sauka, sama kuwa fes, ko gajimaren rantsuwa babu. Tasalla ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta kama tsince geron da ta riga ta tsince. Ni kuma na jawo turmi na kifa jikin darnin da ke kallon hanya, na hau, don in Halliru zai wuce gidan Fatu gara in fara gani in san yadda za ni faɗa mata.

Sai ga maza sun doso. Da farko ban gane abin da nake gani ba. Tafiyar tasu ce, hulunan nasu ne, amma rigunan duk sun canja, ɗinki a waje, aljihu a ciki. Nan take abin ya faɗo mini. Ai a sallar roƙon ruwa, in liman ya juya mayafinsa, kowane namiji juya rigarsa yake, kuma ba ya mayarwa sai ya isa gida. Duk matan garin nan, mu da ke ganin mun fi kowa wayo, babu wadda ta tuna.

Dariya ta kama ni har turmin ya yi rawa. Ga rigunan da suka fita farare tas da safe suna dawowa da wuya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, gadon baya da zanen gumi layi-layi. Ta Kalilu ta fi kowace, don shafinta ya riga ya ruɓe, wani ƙyalle na reto a bayansa. Mijin Fatu na tafe yana ɗora hannu a wuya wai yana susa. Na waiga, sai na ga kowane darni da kan mace a samansa, wasu na toshe baki, wasu na sulalewa ƙasa.

A tsakiyarsu kuwa ga Halliru. Farin shafin rigarsa har ido yake ɗauka a cikin ranar nan, wuya fes, baya fes, kamar yau Na'Allah ya sauke ta daga masaƙa. Ba shi da inda zai ɓuya ko da ya so, don mutane sun ɗan buɗa masa ba tare da sun sani ba.

"Tasalla, taho ki gani," na ce. "Taho maza, hau nan."

Ta ƙi. Sai da na sauka na zagaya na jawo ta da ƙarfi na ɗora ta kan turmin. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, hannunta ya riƙe karan darni gam. Sannan ta sauko ta koma gidanta da sauri, ni ma na bi ta, don ko duka za a yi mini ba ni barin wurin nan.

Halliru ya yi sallama ya shigo. Ya tsaya tsakar gida, rigar na juye a jikinsa. Ya gan ni sarai, bai kore ni ba.

"Da liman yaj juya, rufe ido niy yi," ya ce. "Nic ce yau kunyata ta cika, in waje haka yake, ina ga ciki. Sai nij ji Kalilu bayana ya yi shiru. Kin san Kalilu bai taɓa shiru ba." Ya kama wuyan rigar ya shafa da babban yatsa. "Ashe dut watannin ga, wanga ka taɓa jikina."

Tasalla ba ta ɗago ba. Tana ta murza bakin zanenta, amma ina ganin gefen bakinta yana motsi. Ni kam hawaye nake, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Har ta rasu muna gardama da ita kan abu ɗaya. Ni na ce ta tuna da juya riga, ta yi mana shiru ne don ta kwashe garin baki ɗaya. Ita kuma ta rantse ba ta tuna ba, hammatar kawai take ji. Na yarda da rantsuwarta, amma ban daina zarginta ba. Ruwa dai bai sauka ranar ba, sai da muka ƙara shan wuya kafin Allah ya dube mu. Kasuwar alli ce ta mutu a Kamarawa tun daga ranar, kuma kafin mako ya zagayo sai ga Fatu da kanta ta aiko a tambayo mata yadda ake tace ruwan toka. Rigar kuwa ta ƙetare farin ba ta yage ba, da ita ɗansu Jibrilla ya je ɗaurin aurensa.

Amma abin da na fi so in tuna shi ne abin da ya biyo baya a tsakar gidan. Halliru ya juya ya ga tulun nan babu ko digo. Ya sunkuya ya ɗauka ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki sakainar tono da ludayi. Namiji mai gemu, da rana tsaka, zai ratsa gari zuwa ramukan mata, kuma hanyar gulbi ta ƙofar gidan Fatu ta bi. Har ya kai zaure sai Tasalla ta ɗago.

"Malam."

Ya tsaya.

"Tuɓe min rigata tukuna. Ba ka zuwa tono da ita."

Ya ajiye tulun, ya cire rigar, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya zura 'yar shararsa ta gona, ya sake saɓa tulun ya fita. Ita kuma ta ɗaga rigar tsakaninta da rana tana duba hammatar dama.